Gwaggo Tumba da Dutsen Niƙa

Duk wanda ya san Gwaggo Tumba a Gummi ya san ba sauraron rediyo take yi ba, gardama take yi da shi. Da hantsi za ta fito tsakar gida da wannan tsohon akwatin nata da aka ɗaure wa ciki da tsumma, ta jingina shi da turmi, ta gyara zama kamar alƙali. Mai gabatarwa ya yi sallama, ta amsa masa cikakkiya, har da tambayar gajiya. To, daga nan mutunci ya ƙare.

Shirin zaman iyali shi ne abincinta. Wata rana wani matashi yana ta kwararo bayani kan yadda mace za ta riƙe miji, sai ta tare shi: "Wanga yaro ko kaza ya taɓa riƙewa?"

Na ce, "Gwaggo, ai mai digiri ne."

Ta ce, "Ni mai aure ukku ta, kuma kowane da hannuna nib buɗe ƙohwa nih hita. In ana son sanin aure, ni za a tambaya."

Na ce to ai shi zama yake koyarwa, ba fita ba. Ta harare ni. "Wanda bai san hanyar hita ba, ina yas san daɗin zama?"

Batir kuwa ba ya mutuwa a hannunta, sai dai ya suma. Ta shanya shi a kan katanga kamar kuɓewa, ta cije shi da 'yan haƙoran da suka rage, ta mayar. Na gaji da ganin wannan wahala na sayo mata sabon rediyo mai aiki da hasken rana. Ta yi ta sa mini albarka. Da na dawo na tambaya, sai ga shi a ƙasan akwati, an naɗe shi da zanen Sallah. Wai abu sabo fil, ta ya za ta bar shi rana ta lalata shi? Tsofaffin batiran suna nan a kan katanga suna shan hantsi.

Ni ɗan ƙanenta ne, kuma sana'ata ke nan, haɗa shirin al'adu da ake turawa a waya, wani lokaci gidan rediyo ya karɓa ya saka. Abin da ya hana ni sakat shi ne waƙoƙin niƙa. Tun da injin niƙa ya shigo gari mata suka ajiye dutse, waƙoƙin suka bi shi, kuma a duk unguwarmu babu wadda ta rage da su a ka sai Gwaggo. Ga shekaru sun ja. Na san in ta tafi da su, sun tafi ke nan.

Na je da wayata na zauna, na ce ta rera mini ko guda biyu.

"Ina dutsen?"

"Gwaggo, murya kawai nake so."

"Kai ka taɓa jin an yi waƙar niƙa da hannu banza? Mahaukaciya kaɗai ka yin haka. Ka kawo dutse."

Kai, neman dutsen niƙa a zamanin nan ya fi neman aure wuya. Nata na gado an daɗe da mayar da shi matakalar bayan gida. Da ƙyar na samo wani a gidan abokina a Anka, na kawo ina ta huci. Ta shafa shi, ta duba tafin hannunta, ta ce in tambayi mai shi abin da aka niƙa a kai. Na kira shi. Ya yi 'yan kame-kame, daga baya ya ce ƙanensa ya taɓa niƙa ƙasar zinari a kansa, tun kafin gubar dalma ta ɗebi yara a Bagega. Ranar Gwaggo ba ta yi wasa ba. Ta ce, "Hitar da shi. Dutsen da yac ci ɗiyan mutane ba ya cin hatsina." Ta wanke hannu da toka har gwiwar hannu.

Na uku daga Adabka na ɗauko shi, wurin wata tsohuwa da ta rantse bai taɓa ganin komai ba sai dawa da gero. A bayan ɗan kabu-kabu muka taho, dutse a cinyata, a kan wannan hanya da ku ma kun san ta. Duk ramin da muka faɗa sai na tuba. Na iso ƙafafuna ba nawa ba ne. Gwaggo ta zagaya dutsen, ta ce ba laifi, amma na kakarta ya fi shi laushi.

Ta durƙusa, ta zuba gero. Na kai waya kusa da bakinta, ta ture hannuna. "Ɗauke mini abin ga, ba ni cin waya." Dole na ajiye ta a tabarma, gefen dutse. Sai ta fara. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Tsohuwar da ke tafiya da sanda, ga ta tana tura dutse tana janyowa, murya na fita siririya kamar ta budurwa. Ban taɓa jin daɗin aikina irin na ranar ba.

Na koma gida na kunna. Gurr, gurr, gurr. Dutse ne kawai yake ta bayani, muryar Gwaggo can ƙasa kamar daga cikin rijiya, ko kalma ɗaya ba ka tsinta.

Na dawo a guje na ce a sake. Ta nuna mini ƙwarya cike da gari. "Wanga ya ishe ni. In ya ƙare mu sake. Ba ni ɓannar hatsi don rediyo." Mutum ɗaya ce, cinta kamar na tsuntsu. Kafin garin ya ƙare ciwo ya kwantar da ita, hannun ya daina ɗaguwa. Na durƙusa da kaina na ce ni zan niƙa, ita ta rera. Ta saurari niƙana kaɗan, ta yi dariya har da tari. "Wanga niƙa naka ko kaji ba su gode maka." Ba ta rera ba. Cikin damina ta rasu.

Na daɗe ina jin kunyar wannan ɗauka, daga baya na saka ta a shirin haka nan, na ba masu sauraro haƙuri. Sai ga saƙon murya daga Bukkuyum, wata tsohuwa da jikarta ta riƙe wa waya. Ta ce, "Ɗana, ban ji abin da taka hwaɗi ba, amma wanga hannun Tumba na. Tare munka yi niƙa muna 'yan mata, kullum sai ta riga ni da rabin turi." Ina jin tana share hanci. Sannan ta ce wa jikar ta sake kunna mata ƙarar dutsen da ke cikin shirin, ta bi ta, ta rera waƙar tun daga farko har ƙarshe. Ina zaune a kan tabarma na yi kuka kamar yaro.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tumba, ya yafe mata, ya sa ta huta. Hannuwan nan da suka ciyar da mu, Allah ya karɓi wahalarsu. Amin.