Hujin da Na Ƙi Yi wa Babban Cokali

Babban Cokali, kafinta, shi ne sunan da duk layinmu ya san shi da shi, kuma ban taɓa jin ya amsa wani ba. Mun haɗu a shekarar 2004 a ajin koyon karatu na manya, a kan benci ɗaya, ni da furfurata, shi da tumbinsa. Na riga shi iya haɗa baƙi, kuma bai taɓa musa hakan ba. Daga baya ya kama shagon da ke jikin rumfata, inda nake gyaran takalma da jakunkuna. Ni baduku ne na gado; shi kaɗai na yarje wa ya kira ni Shumeka.

Laƙabinsa ya samo asali ne daga wani cokalin katako da ya sassaƙa da hannunsa, wanda yake sokewa a aljihun gaba tare da fensir. Mutum ne mai fara'a da tsabtar aiki; ƙofar da ya kafa ba ta kuka. Yadda yake aiki haka yake cin abinci, babu gaggawa, babu ragi.

Wata rana ya miƙo mini bel ɗinsa ya ce, "Shumeka, ƙara mini huji, wandon nan yana neman ya tona mini asiri." Na huda. Ba a jima ba ya dawo, na sake hudawa. Tumbin ya zube, wuyansa ya yi tsawo, gumi ba ya barin goshinsa ko ana sanyi, guduma kuma ta fara kuskuren kan ƙusa saboda rawar hannu. Abin mamakin shi ne cinsa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi.

Mahaifiyarsa, wadda duka muke kira Inna, ta dube shi sau ɗaya ta yanke hukunci: matarsa ba ta ciyar da shi. Ta fara aiko masa da abinci shago. Da matar ta ji, sai ta ninka nata. Yayarsa ma ta shigo ciki. Kullum da rana kuloli suna jere a kan teburin aiki, tsakanin zarto da kwalbar gam, shi kuwa ya share su tas, ya lashe cokali, ya ci gaba da ramewa.

Sai Inna ta karɓi bel ɗin, ta duba shi da kyau a gaban kowa, ta ce, "Ranar da aka sake ƙara huji a nan, ranar yarinyar nan za ta tattara kayanta." Matar da ta haifa masa 'ya'ya, ta zauna da shi tun ba shi da zarto nasa na kansa. Shi kuma ba mai iya mayar wa uwarsa magana ba ne.

Ya daure iyakar daurewa, yana aiki da hannu ɗaya a ƙugu don riƙe wando. Daga ƙarshe ya leƙo rumfata, ya rage murya.

"Yi mini ɗan ƙarami, inda Inna ba za ta gani ba."

"Inna da ke zura zare a allura ba tabarau? Kuma ni ba na aikin ɓoye."

"To in yi yaya, in ɗaura igiya?"

"Malam, kana cin girkin gida uku kana komawa kamar sandar tsintsiya. Wannan ba aikin baduku ba ne. Tashi mu je asibiti."

Na rufe rumfata da rana tsaka, abin da ban saba ba. Matarsa ta biyo mu, Inna ma ta ce ƙafarta ƙafarmu, don ta ji da kunnenta.

Bayan an gwada jininsa, likita ta zaunar da mu ta yi bayani, ni kuma na riƙe bayanin daidai a kaina. Ta ce akwai wani ɗan nama a gaban wuya da ke sakin wani sinadari cikin jini, irin waɗanda suke kira homon. Shi ne ke faɗa wa jiki saurin da zai ƙona abinci. Nasa ya yi yawa, don haka jikinsa ya zama kamar murhun da ake ta yi wa fifita: duk icen da aka zuba ya cinye, ya nemi ƙari.

Inna ta ce, "Wato, likita, ba yunwa ake bar shi da ita ba?"

"Mama, yunwar da ta gagari girki uku ai ba daga tukunya take ba."

Muka je muka karɓi magani. A bakin ƙofa Inna ta fizge ledar daga hannun ɗanta, ta damƙa wa surukarta. "Riƙe, 'yata. Wannan in aka bar masa, sai ya haɗiye duka a zama ɗaya."

A hankali hannunsa ya daina rawa, cinsa ya ragu, jikinsa ya dawo. Yakan yi mini ƙorafi: "Da ina ci da yawa ina ramewa, yanzu ina cin kaɗan ina ƙiba. Ina adalci a nan?" Inna kuwa tana gaya wa kowa cewa miyarta ce ta warkar da shi, surukarta tana amsawa da "Haka ne, Inna."

Zuwansa na ƙarshe rumfata, lokacin da zai koma kusa da babban ɗansa, ya kawo bel ɗin ne in ƙara masa tsawo. Na ɗinka masa fata mai kyau. Na roƙi cokalin don tunawa, ya hana ni, ya ba ni fensirin, wai ni ne mai rubutu. Ranar tara ga watan Afrilu ce, shekarar 2019.