Mai Tuƙi a Tudu

Yana zaune a bakin tafkin Titiwangsa, wani wurin shaƙatawa a nan ƙasar waje, ƙatuwar jaka goye a bayansa. Dogo ne mai furfura, takunkumi ya rufe rabin fuskarsa. Fitilar goshi irin ta masu shiga kogo tana reto a jikin jakar, ko ledarta ba a ɓare ba. Ina jin wani gari na bakin kogi ya shirya zuwa, dokar kulle ta tare shi.

Kwale-kwalen haya duk suna kife, ɗaure da sarƙa. Mai gadi ya ɗaga masa hannu: "Tak boleh," wato babu hali.

Bai yi musu ba. Ya durƙusa a kan dakali, ya riƙe lemarsa da hannu biyu, yana tuƙa iska. Ba dama da hagu yake yi irin na mutanen nan ba. Gefe ɗaya yake sara, yana murɗa hannu a ƙarshe, yadda masuntanmu suke yi.

Na yi masa sallama. "Baba, ina aka nufa?"

"Yawuri, 'yata," in ji shi, bai ko juyo ba. "Ɗan matsa, kin tare mini mashigi."

Na matsa.