Jiragen Kwali na Malam Hammawa

Ni dai tun ranar da Malam Hammawa ya kama hayar ɗaki a gidan Hajiya Saudatu a unguwar Gwallaga ban yarda da shi ba. Shagon ɗinkina yana kallon ƙofarsa, don haka ba labari aka ba ni ba. Dattijo ne mai furfura, wai tsohon mai zanen taswira a ma'aikata, ba mata ba ɗa, gaisuwarsa ma a taƙaice.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cefanensa. Mutum ba malami ba, amma kullum cikin sayen ƙaro da zare da farar takarda yake. Ni kuwa a sanina, mai haɗa waɗannan ukun laya yake naɗewa. Rannan iska ta ɗaga labulensa, na hango wasu abubuwa rataye a rufin ɗakin suna juyi. A makon nan kekena ya karya allura huɗu. To, me ya rage?

Na kai wa Hajiya magana, na ƙara gishiri daidai gwargwado. Ta ce ya kwashe kayansa kafin Juma'a, amma da yake mace ce mai adalci, sai ta ce sai ta gani da idonta. Ta sa ni gaba muka shiga, ina karanta addu'a a zuci.

Jirage ne masu saukar ungulu, irin na sojojin da, na kwali da takarda, sun fi arba'in. Kowanne bai wuce tafin hannu biyu ba, da farfelarsa da ƙafafunsa. A kan tabarma ga rula, ga reza, ga ƙaro jiƙe a murfin kwalba, da shi yake manna su. Ga kuma tsofaffin mujallu da yake auna hotunansu.

"Malam, wa ake yi wa wannan aikin?" in ji Hajiya. "Kai ba yaro ba."

Ya ce, "Hajiya, lokacin yaƙi yayana Yero soja ne. Ya zo gida hutu, sai jirgi irin wannan ya sauka a fili bayan garin Tirwun, ya kwashe su, shi da sauran sojoji. Ina da shekara bakwai. Kowa yana kallon Yero, ni ina kallon jirgi. Bai dawo ba, ko hotonsa babu."

"To shi ne kake ta yi har arba'in?"

"Fuskarsa ta ɓace mini. Na ce ko in na dace da ainihin jirgin, zan ga wanda ke tsaye a ƙofarsa. Har yanzu ban dace ba."

Hajiya ta juyo ta dube ni, kallon da har gobe ina jin sa a jikina. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Ta ce ya yi zamansa, maganar tashi ta wuce.

Ya yi godiya, amma ranar Juma'a sai ga keke napep a ƙofar gida. Ya ce ba zai iya aiki a ɗakin da ake leƙe ba. Da zai wuce ya tsaya a shagona, ya ajiye mini jirgi ɗaya a kan keken ɗinkina.

"Mansir, riƙe wannan," in ji shi. "Ka duba cikinsa da kyau, babu rubutu."