Tawadar Babban Yatsana

Ƙarfe goma da rabi na safiyar jiya, ni da maƙwabcina Malam Ado muna tsaye a Gyaɗi-Gyaɗi, masu fenti suka kankare tsohuwar fastar marigayi Alhaji, ɗan majalisarmu na dā, daga bango.

Sau huɗu muka tura shi majalisar jiha. Ranar zaɓe tsarinsa ɗaya ne: ya bi layi, ya jefa ƙuri'a, sannan ya gaisa da kowa. A zaɓe na biyar, abokin takararsa na zaɓa. Ya riƙe hannuna, tafinsa da sanyi, ya dubi tawadar yatsana.

"Malam, ka yi mini?"

Na ce, "Na yi, Alhaji."

Ya faɗi zaɓen, ya kwanta jinya, ya rasu ban gyara maganata ba.

Mai karatu, ka roƙa masa rahamar Allah, ni kuma ka roƙa mini gafarar ƙaryar nan.