Iskar da Na Bar wa Baba Isiyaku a Zikrit

Ain Khaled, ƙarfe huɗu da kwata na asuba

Ranar Juma'a ce, cikin sanyin Janairu, muka sauko da kekunanmu daga hawa na biyu na gidan da kamfani ya zuba mu a Ain Khaled. Mu biyu ne za mu yi tseren keke. Ni Nafi'u, mutumin Funtuwa, mai gadi a wani otal na Lusail, sai Baba Isiyaku na Kazaure, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana jan bas ɗin ma'aikata a nan ƙasar Katar. Na ukunmu Bitrus ne, ɗan Pankshin mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki. Shi ya kawo a-kori-kurar wurin aikinsu, kuma ya taɓa yin tsere kafin gwiwa ta hana shi.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da mu a wannan sanyi. Kafil ɗin Baba, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardar zama, ya ce khalas, an gama, shekaru sun ja, ba za a sabunta masa takarda ba, ranar Talata jirginsa zai tashi. Sau biyu yana shiga tseren 'yan sha'awa da ake yi a hamadar Zikrit, kilomita sittin, rabi kwalta rabi tsakuwa, sau biyu kuma motar kwasar gajiyayyu tana dawo da shi. Ba na ɗaya yake nema ba. So yake kawai ya kai ƙarshe, a rataya masa lambar yabon da ake ba duk wanda ya gama, ya tafi da ita gida. Ya taɓa ce mini shekara goma sha ɗaya yana kai mutane inda suke so, yana son ko sau ɗaya ya kai kansa. Wata uku kafin nan ya gyara mini wani tsohon keke, ya ce in raka shi. Na ce an gama, Baba.

Shahaniya, ƙarfe biyar saura biyar

Kilomita arba'in muka yi a babbar hanyar Dukhan kafin Bitrus ya ratse gidan mai a Shahaniya. Mu muka shiga masallaci, shi ya tsaya yana ƙara ɗaure kekunan, don tun daga nan iska ta fara kaɗa igiya. Da muka fito muka tarar ya sayo shayin karak kofi uku, riyal ɗaya-ɗaya, da gurasar cafati mai ƙwai ta riyal uku. Na cinye nawa na lashe yatsu. Baba ya gutsura sau biyu ya naɗe sauran a takarda.

Bitrus ya ɗaga hanci ya dubi tutar da ke bakin gidan man, ya ce iskar arewa ce, yau za a sha wuya. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce in kula da tsoho. Na ce masa ai ko ƙuda ba zan bari ya sauka a kansa ba, ina bayansa ƙafa da ƙafa. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ni kuwa har ga Allah gaskiyata na faɗa.

Zikrit, ƙarfe shida da minti goma

Bayan wasu kilomita hamsin muka sauka daga kwalta zuwa wani fili mai fararen duwatsu. Mutane sun cika, Turawa, Filifinawa, Larabawa, Indiyawa, kowa da kekensa mai sheƙi, wasu ma za ka ɗaga su da yatsa biyu. Namu kuwa sai dai a ce Allah ya sa albarka. Wata Bafilifina a tebur ta duba katinmu, ta ba mu lambar da za mu liƙa a baya, ta kuma maimaita mana ƙa'ida: akwai shinge a kilomita talatin da biyar, duk wanda bai iso shi ba kafin tara da rabi, tserensa ya ƙare. Daga shingen hanya ke juyowa kudu.

Baba ya matsa tayoyinmu da babban yatsa, ya rage musu iska saboda tsakuwa, ya gyara mini igiyar hular kwano kamar ɗan da ya haifa. Ƙarfe bakwai daidai aka busa usur, wani ya ce yalla, muka taka.

Daga tashi zuwa kilomita ashirin

A gidanmu, yaro ba ya shiga gaban babba. Ko masallaci za mu je, mahaifina na gaba ina baya, idan na kuskura na yi sauri har kafaɗata ta wuce tasa, kallo ɗaya ya ishe ni. Da haka na tashi, da haka na zo Doha. Don haka da aka taka, ban yi wani tunani ba, na sa tayata ta gaba dab da tayar Baba ta baya, na zauna a nan.

Duk atisayenmu a Lusail muka yi shi, safiyar Juma'a, tsakanin dogayen benaye, muna jere muna hira. Ban taɓa hawa keke a filin da babu ko bishiya ba. Ina ganin mutane sun yi layi biyar-biyar, shida-shida, na gaba ya ɗan ja sai ya kauce ya koma baya, wani ya karɓa. Na ce a raina waɗannan ba su da natsuwa, kowa so yake a gan shi a gaba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda tafiyar ta yi mini sauƙi. Ina jin iska na kuka a kunnena amma ƙafata ba ta jin nauyi, har na fara yabon kaina, ina cewa ashe ɗan Funtuwa ba daga baya ba.

A wajen kilomita goma sha biyar kwalta ta ƙare, tsakuwa ta fara. Rigar Baba ta jiƙe sharkaf a cikin wannan sanyi. Ya sunkuyar da kai har haɓarsa na neman taɓa kan keken. Sai ya waiwayo, numfashinsa sama-sama.

"Nafi'u, wuce gaba."

"Haba Baba, wane ni in shiga gabanku? Ku ja mu, ina nan biye."

Ya dube ni ɗan lokaci, ya buɗe baki kamar zai ƙara magana, sai ya mayar da kansa gaba. Ni kuma na ji daɗi a raina, na ɗauka gwada ni ya yi, na kuma ci jarrabawa.

Daga kilomita ashirin zuwa shinge

Nan abin ya fara lalacewa. Gudunmu ya ragu har wani dattijon Bature mai tumbi ya wuce mu yana ɗaga mana hannu. Na miƙa wa Baba dabino, ya karɓa ya kasa taunawa. Na ba shi ruwa, na yi ta yi masa sannu, ina cewa saura kaɗan. Duk abin da ɗa nagari zai yi na yi, ban da abu ɗaya da ya roƙe ni.

A kilomita talatin da ɗaya jijiyar cinyarsa ta ɗaure. Ya sauka, ya kasa tsayuwa, ya zauna a kan tsakuwa yana cije leɓe. Na murza masa ƙafar, agogona na nuna tara da minti goma sha biyu. Ya ce in ɗaga shi. Na ɗaga shi, ya hau, ya taka da ƙafa ɗaya da rabi, ni kuma na koma wurina na baya. Muna hango jar tutar shingen tun daga nesa, amma tutar ta ƙi matsowa. Da muka iso, mai riƙe da takarda ya dubi agogonsa, ya girgiza kai, ya zare mana lambobin bayanmu a hankali. Tara da minti arba'in da ɗaya. Waɗanda suka riga mu juyawa muna ganinsu can, iska na tura su gida, wasu ko feda ba sa takawa.

Bitrus ya zagayo da mota yana jiranmu a wurin. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya kama rigata ya ji ta a bushe. Ya tambaye ni kilomita nawa na ja. Na ce ban gane ba. Ya ja ni bayan mota inda Baba ba zai ji ba, ya yi mini bayani da murya ƙasa-ƙasa: wanda ke gaba shi ke fasa iska, na bayansa a inuwarsa yake tafiya, kusan a kyauta. Shi ya sa ake karɓa-karɓa. Shi ya sa tsoho ya nemi matashi mai ƙarfi ya raka shi.

"Kilomita talatin da biyar ka bar mutum mai shekara kusan sittin yana ɗauke da kai," in ji shi. "Kai da aka kawo ka ɗauke shi."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na tuna yadda na yi ta yabon ƙarfina a hanya, ashe ƙarfin Baba nake ci. Na tsuguna a gindin taya na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Hanyar dawowa, ƙarfe goma sha ɗaya saura

Ba mu jira rabon lambobin yabo ba. Baba ya ce mu tafi, kada mu rasa Juma'a. Muka ɗora kekunan, muka kama hanya. A Shahaniya muka tsaya sallah, Baba ya yi tasa a zaune kan kujera. Bitrus ya sayo shinkafa da kaza, riyal goma sha biyu kowane kwano, nawa ya huce a kan cinyata.

Da muka koma mota na ce, "Baba, ku yafe mini. Ni na hana ku."

Ya daɗe yana kallon raƙuman da ake kora a gefen hanya. Sannan ya ce laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. Wata uku yana son ya zaunar da ni ya gaya mini ainihin aikin da ya kira ni in yi, amma nauyi ya hana shi, don bai san yadda zai dubi ɗan mutane ya ce zo ka sha wahala a gabana ba. Ya yi zaton idan na ga yadda sauran ke yi zan gane. Da na ba shi waccan amsa a hanya kuwa, ya ce muryar babban ɗansa ya ji, kuma shi da bakinsa ya koya wa 'ya'yansa haka, to da wane baki zai tsawata mini? Bitrus ya ce ku Hausawa kunya za ta kashe ku wata rana. Babu wanda ya musa masa.

Ain Khaled, ƙarfe biyu da rabi

Mun iso gida lafiya, mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu ba karaya ba rauni. Bitrus ya sauke mana kekunan, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, Allah ya saka masa da alheri. Ya rungumi Baba ya daɗe bai sake shi ba, don ya san ranar Talata yana wurin aiki, ba za su sake haɗuwa ba.

A gindin matakala ƙafar Baba ta ƙi. Ya ɗaga ta sau biyu ta koma. Na durƙusa a gabansa na ce ya hau, ya yi ɗan jim, sannan ya saƙalo hannuwansa a wuyana. Bai da nauyi ko kaɗan, abin da ya ƙara karya mini zuciya ke nan. Muna tsakiyar hawa na biyu na ji ya yi wata 'yar dariya a bayan kunnena.

"Ka gani, Nafi'u? Da haka muka yi tun safe, da yanzu mun gama."

Na ƙara riƙe shi na ci gaba da hawa. Ranar Talata na raka shi filin jirgi, ya tafi Kazaure wuyansa babu komai.