Kwana Biyu a Argungu Neman Na'urar Yanka Takarda

Talata: daga Gwadangaji

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba muka fito daga gidanmu da ke Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, ni da ƙanena Bello. An yi ruwa kafin asuba, layinmu duk taɓo, sai da muka taka har bakin kwalta kafin muka sami 'yan kabu-kabu biyu da suka kai mu tasha.

Ni malama ce a Islamiyyar matan aure, amma abin da aka fi sanina da shi a unguwa shi ne aikin takarda. Shekara ashirin da biyu ina yanka kwali da almakashi da reza: katin walima, furannin ɗakin amarya, da kundin hotuna irin wanda ake manna hoto a kewaye shi da ado. Bara babban yatsana na dama ya fara ƙagewa. Likita ya ce ciwon gaɓɓai ne, in rage almakashi. Ga shi kuwa na karɓi aikin saukar karatu na ɗalibai talatin da takwas, kowa da katinsa mai zayyana irin ta allo. Saura mako uku, tara kawai na iya yankawa. Bello, wanda ke aiki a sakatariya, shi ya ji labarin wani Alhaji Garba mai rubuta allunan shaguna a Argungu, wai zai rufe shago, yana sayar da na'urori biyu masu yanka takarda da lantarki. Hutun yini ɗaya ya ɗauka don ya raka ni.

Mun shiga mota ƙarfe shida da kwata, amma ba ta tashi ba sai bakwai saura minti goma, ana jiran mutum guda. Mu huɗu a baya. Jakar samfurin aikina tana kan cinyata, ina kare ta kada a lanƙwasa mini kwali.

"Hajiya, kawo jikkar ga a sa baya," in ji direba.

"Bar ta nan, takardu na."

"To Allah shi sa ba na kotu ba ne."

Ambursa zuwa Alwasa

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kilomita hamsin ne da 'yan kai, tafiyar da ba ta kai awa guda ba in hanya ta yi kyau. Mu awa biyu da rabi muka yi. A Ambursa muka sauke wata mata da buhun albasa, muka jira aka cike gurbinta. Fadama ta cika maƙil, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, amma ban ji daɗin kallon ba, domin sanyin safiya ya shiga yatsan, yana zuga har gwiwar hannu.

Gab da Alwasa tayar baya ta sace. Muka fito muka tsaya gindin wata bishiyar bedi. Tayar canjin ma ba iska, sai da direba ya hau mashin ya kai ta gari. Minti hamsin muna tsaye. Bello ya sayo mana ƙosai da kunu wurin wata tsohuwa, na sha kunun, ƙosan ya gagare ni. Akwai shingen jami'ai guda kafin shiga gari, suka leƙa, suka gaisa da direba, suka ɗaga mana hannu.

Argungu: yinin jira

Ƙarfe tara da minti ashirin muka sauka. Shagon Alhaji Garba yana bayan kasuwa, ƙarami, bango duk ɗigon fenti. Dattijo ne siriri mai tabarau mai kauri. Bayan gaisuwa ya yaye zanen da ya rufe na'urorin.

Ta farko ƙarama ce fara, ba ta fi akwatin rediyo ba, mai maɓallai a sama. Wani ɗan'uwansa ne ya kawo masa tsaraba daga ƙasar waje. Ba ta buƙatar kwamfuta: ana cusa mata wani ɗan kaset, a danna lambar siffar da ake so, ta yanka. Ta biyu doguwa ce, ta kai tsawon tabarmar salla, tsaye kan ƙafafun ƙarfe, fentinta ya koɗe. Da ita yake yanka sitikar motoci da haruffan alluna, kuma ba ta motsi sai da kwamfuta.

Bello ya ce, "Yaya, ai magana ta ƙare. Ƙaramar ga ita ta dace da ke. Ko a jikka kina iya ɗaukarta."

Ni ma zuciyata can ta karkata. Na ce a kunna mu gani. Alhaji Garba ya nuna ƙwan fitilar da ke rataye a sama.

"Tun shekaranjiya ba mu ga wuta ba, Malama. Janaretana kuma yana wurin mai gyara. Ya ce azahar."

Muka zauna kan benci. Azahar ta yi, muka yi salla, mai gyara ya ce la'asar. Muka ci shinkafa da wake a wata rumfa, muka dawo. La'asar ta yi, aka ce wani ƙarfe ne babu, sai an aiko da shi daga Sakkwato. Zafin bayan ruwa ya taso, kwanon shagon kamar tanda. Na ƙirga motocin da suka wuce har na gaji, na koma kallon wata akuya tana cin kwalin sabulu.

Ƙarfe biyar Bello ya miƙe. Dole ya koma, gobe akwai aiki.

"Ki biya ƙaramar mu tahi tare. Sabuwa ce hwa, mi za ki gwada?"

"Ban sayen abin da ban ga ya yi yanka ba."

"To in kin tsaya, ke kaɗai za ki yanke shawara."

Na ce na ji. Ya raka ni gidan Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifinmu da ke aure a garin, ya gaishe ta a tsaitsaye ya wuce tasha. Gwaggo ta yi mini tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshen kifi, ta ɗumama ruwa na gasa hannu. Ta tambayi abin da ya kawo ni, na gaya mata. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin an yi tafiya an kwana don almakashi ba. Ana idar da isha'i na kwanta.

Laraba: gwaji

Ƙarfe takwas ina bakin shago. Ƙarfe goma da minti ashirin ƙwan fitila ya kama, ba janareta ba, wutar gari ce ta dawo. Alhaji Garba ya yi hamdala, ya ce mu yi sauri, ba a san ranar tafiyarta ba.

Muka fara da ƙaramar. Sai an haɗa ta da wani ɗan akwati mai rage ƙarfin wuta, in ba haka ba ta ƙone. Ya manna jan kwalina kan wani faifan roba mai danƙo, ya tura, ya danna. Ta yi ɗan kuka kamar keken ɗinki, kafin in gyara mayafi ta fito da fure mai ganye takwas, gefensa sumul, ko reza sabuwa ba ta yi haka. Gaskiya ta burge ni. Na karɓi ɗan littafin siffofinta na shiga buɗawa. Akwai furanni, akwai taurari, akwai 'yan tsana, da wata dabba mai kunnuwa zagaye, da itatuwan da ban taɓa gani a ƙasarmu ba. Na kai ƙarshe na dawo farko.

"Alhaji, ina dagi? Ina zayyana?"

"Babu. Abin da anka sa cikin kaset shi kaɗai ta sani."

"Haruffan Larabci fa?"

"Babu."

Na ce to ya yanka mini sunan ɗaya daga cikin ɗalibaina, Balƙisu Ɗahiru. Ya yi murmushi ya girgiza kai. Ba ta da ƙa mai lanƙwasa, ba ta da ɗa. Wani kaset kuma sai an yi saƙo waje, kuma ko an kawo, ba namu ne a ciki ba. Faifan danƙon ma guda biyu ya rage masa, in sun ƙare sai dai a yi dabara da gam.

Muka koma kan babbar. Na ciro ɗaya daga katuna taran da na gama, mai zayyana kusurwa huɗu da dagi a tsakiya, wanda ya ci mini yini biyu. Alhaji ya ɗora shi kan gilashin ɗaukar hoto, ya fito a fuskar kwamfuta. Daga nan ya shiga bin layukan ɗaya bayan ɗaya da ɗan abin turawar nan da suke kira linzami, hancinsa kusan yana taɓa gilashi. Awa guda da minti goma yana yi. Sau uku yana cire tabarau yana share hawaye. A nan na gane dalilin rufe shagon.

"Yanar ido ta, Malama," ya ce, ba tare da na tambaya ba. "Da buroshi na hwara. Hannu ya kama rawa, na sayi wagga. Yanzu ido ya ce shi ma ya gaji."

Gwajin farko wuƙar na'urar ta yi zurfi, ta yaga kwalin biyu. Ya sassauta ta. Na biyu takardar ta zame, dagin ya fito a karkace. Na uku ya manna kwalin da kyau, ya rage gudu. Minti huɗu. Ya ɗago takardar ya miƙo mini, ragowar ta zube ƙasa kamar ɓawon gyaɗa. Zayyanata ce, har da 'yar lanƙwasar da nake yi a kusurwa wadda ba wanda ya koya mini. Na riƙe ta ina juyawa. Murna na ji ko baƙin ciki, har yau ban tantance ba.

Na ce, "Alhaji, shekarata hamsin da biyu. Ban taɓa taɓa kwamfuta ba."

"Ni ina da hamsin da takwas na koya. Ba zan ruɗe ki ba. Ƙaramar, yau kin kai ta gida yau kin hwara aiki, amma aikin wasu za ki riƙa yi. Babbar za ta ba ki wahala wata uku, ta ci maki kwali, ta sa ki kuka. Kuma na'ura ba ta hutar da mutum, wurin gajiyar kawai take canza mai."

Na fita waje na tsaya a inuwa. Na yi tunanin kiran Bello, na fasa, don na san abin da zai ce. Babbar da tsohuwar kwamfutarta sun kusa ninka kuɗin ƙaramar, wato duk abin da na zo da shi. Na tuna matan nan talatin da takwas, wasu da jikoki, da suka yi shekaru suna haɗa harafi da harafi kafin su kai ga sauka. Ban ga yadda zan miƙa wa Balƙisu kati da sunanta ba daidai ba.

Na koma na ce babbar nake so, da sharaɗi guda: ya bar zayyanar nan a cikin kwamfutar, ya nuna mini yadda zan kira ta. Ya ce ko ban roƙa ba. Muka zauna ya koya mini matakai bakwai, ina rubutawa a bayan kwalin da ya yage. Linzamin ya riƙa guje mini, kibiyar da ke fuskar kwamfuta tana tafiya inda ban aike ta ba. A karo na biyar na yanka kati guda da kaina. Ƙarfe ɗaya saura kwata wuta ta tafi.

Komawa

Aka kwance ƙafafun na'urar, aka naɗe ta da bargo. Na je na yi wa Gwaggo sallama, ta cusa mini ƙullin kifi. Direban da muka samu ya ce sai na biya kujera uku, muka daidaita a biyu da rabi. Alhaji Garba ya raka mu har tasha. Da za a rufe but ɗin motar ya sa hannu ya gyara bargon, ya ce kada in bar ƙura ta shiga wurin wuƙar, kuma in riƙa ɗiga mata mai duk Juma'a. Bai tsaya ganin tashinmu ba.

Mun bar Argungu ƙarfe uku da minti goma. A shinge wani jami'i ya tambayi mene ne a bargo, na nuna masa katin, ya juya shi gaba da baya ya ce a sauka lafiya. Bayan Alwasa hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, gilashin gefena kuma ba ya rufuwa duka. Na cire mayafina na biyu na lulluɓe kwamfutar da ke kan cinyata, ni na jiƙe. Daga Ambursa zuwa gida ban san inda nake ba don gajiya.

Ƙarfe biyar da minti hamsin motar ta tsaya a ƙofar gidanmu. Maƙwabta biyu suka taimaka aka shigar da kayan. Mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu, tana kan tabarma a baranda. A hannunta na fara ganin zane, lokacin tana yi wa ƙorai ado da wuƙa. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata katin da na'ura ta yanka. Ta kai shi kusa da ido, ta bi gefensa da yatsa a hankali har ta zagayo.

"Kulu, wanga ba hannunki ba ne. Ya cika daidai."

"I, Inna. Hannuna ya gaji."

Ta ajiye katin, ta jawo gwangwanin man kaɗanyarta, ta kama hannuna na dama ta ɗora kan gwiwarta ta shiga murzawa, yatsa bayan yatsa, har aka kira magariba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Bello da Gwaggo Tumba. Alhaji Garba kuwa, Allah ya ba shi lafiyar ido, ya saka masa da alheri kan gaskiyar da ya gaya mini.