Rawar Ruwan Da Ya Ci Shinkafarmu

Ina koyarwa a wata firamare a Bagudo, amma mutanen gari sun fi sanina da rawa. Tun ina saurayi nake cikin ƙungiyar wani dattijo da dukanmu muke ce wa Baba. Shi ya kafa ta, shi yake tsara kowane taku, mu namu bi. A gayyace mu biki, ko ranar da wani babba zai zo daga Birnin Kebbi, mu ɗaura akayau a ƙafa mu yi abin da muka yi bara. Ba mu taɓa kawo wa ranmu akwai wani abu bayan wannan ba.

Shekarar da kogi ya cika ya haura fadama ya cinye mana shinkafa, ita ce shekarar da gwiwar Baba ta ƙi. Wata la'asar ya tara mu gindin mangwaron bayan gidansa, ya miƙe ƙafar a kan tabarma.

"Duk rawar da kunka iya, tawa ce," in ji shi. "Bana mutum uku za su kawo sabuwa, kowa da tasa. In sun nuna, mu kai su gari-gari."

Ya nuna Adda, wata Bafulatana daga Kende wadda ta girmi duk matan ƙungiyar. Ya nuna wani Badende, wato ɗan ƙabilar Dendi, ɗan kabu-kabu, magidanci mai barkwanci, wanda kullum yana kan hanyar iyaka da fasinja, mahaifiyarsa ma 'yar tsallaken Benin ce. Sannan ya nuna ni.

Na ce, "Baba, ni ban taɓa ƙirƙiro ko taku ɗaya ba."

Ya ce, "Ni ma ba da shi anka haife ni ba."

Adda ba ta ɓata lokaci ba. Ta jera mata, kowace ta gitta sanda a kafaɗa ta rataya hannuwa kamar makiyayi, suna tafiyar shanun da suka hango ruwa: a hankali, sai sauri, sai a dunƙule wuri guda. Badenden kuwa babur ɗinsa ya mayar rawa. Mutum uku su manne da juna kamar goyo, su yi ta tangaɗi cikin yashi, a tare su a shingen jami'ai, a sauke su, a ɗora musu akuya. Ranar farko da ya gwada mana, sai da mai kalangunmu ya ajiye kiɗa don dariya.

Ni kaina babu komai. Hankalina yana fadama. Gonar da na zuba wa ƙarfina ta koma tafki, kan shinkafa kawai ake gani nan da can. Ni da ƙanena muka ari kwalekwale, inda ya kasa shiga muka sauka, ruwa iya ƙirji, muna yankar abin da ya rage muna ɗaga dami sama kada ya jiƙe. Duk abin da muka tsira da shi bai cika kwalekwalen ba.

Wata rana wajen gwaji Adda ta tambaye ni, "Malam, yaya gonar?"

Sai na tashi na nuna mata. Na ɗaga hannuwa sama, na cire ƙafa da ƙyar kamar laka ta riƙe ta, na lalubi ƙasa kafin in taka, na karkata yadda ruwa yake ture mutum. Sannan na tsaya.

Baba ya ce, "To ga ta nan. Mi kake nema kuma?"

Daga nan wahala ta fara. Mai kalangu ya ce wannan ba rawa ba ce, tafiyar mai ciwon baya ce, shi bai san kiɗan da zai bi ta da shi ba. Duk abin da ya buga sai ya sa mu sauri, ni kuwa nauyin ruwan nake so a gani. Muka yi ta sa-in-sa har Badenden ya ce a garin mahaifiyarsa mata kan kife ƙwarya cikin baho cike da ruwa su buga. Aka kawo baho. Sautin ya fito da kauri, kamar daga ƙarƙashin ƙasa.

"Kiɗan mata za ku sa ni?" in ji mai kalangu.

Adda ta ce, "In ya fi ƙarfinka, ba ni."

Ya harare ta, ya tsuguna gaban bahon. Kafin a tashi ya gano cewa in ya ɗan ɗaga ƙwaryar murya tana canzawa, ya yi ta wasa da ita har muka bar shi can.

A gida ma ban tsira ba. Da na ba maiɗakina labari, sai ta ajiye abin da take tankaɗe ta dube ni.

"Mutane ba su gama share hawaye ba, kai za ka tara su ka nuna musu? Ina za ka bar su, cikin ruwan?"

Maganar ta tsaya mini. A lokacin an fara shirin noman rani, ana gyaran injinan ban-ruwa, ni ma na yafa iri. Sai na ƙara wa rawar ƙarshe: ruwa ya janye, a sauke dami, a sunkuya ana dashe a jere, kalangu ya shigo a hankali ya karɓi ƙwarya.

A filin makarantarmu muka fara nunawa, bayan la'asar. Rawar babur ta sa mutane riƙe ciki, 'yan kabu-kabu suna ihu suna nuna junansu. Ta Adda ta sha guɗa. Da aka zo tawa, ba tafi, ba guɗa. Mutane suka watse suna magana ƙasa-ƙasa. Na koma gida, na ce wa Baba washegari a cire ta kafin mu tafi Sharabi, tun da can ɓarnar ta fi yawa.

Ya ce, "Shiru ba zagi ba ne. A bar ta."

A Sharabi a fili aka yi, kusa da kasuwa, maza gefe guda, mata gefe guda. Mun kai tsakiyar rawar, hannuwanmu a sama, sai na ga wani tsoho ya miƙe daga tabarma. Na ɗauka tafiya zai yi. Sai ya tuɓe takalmi, ya tattare rigarsa, ya shigo fili. Ya ɗaga hannuwa kamar mu, ya cire ƙafa da ƙyar, ya bi layi. Wasu magidanta suka biyo shi. Mai kalangu ya dube ni, na yi masa alama kada ya tsaya. Da muka sunkuya dashe, wasu mata daga can gefensu suka sunkuya su ma, wata ta rangaɗa guɗa, fili ya ɗauka.

Bayan an tashi tsohon ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Malam, hakanga munka yi," in ji shi. "Ni ba dami na ɗauka ba, jikata ce. Ga ta can, lahiya lau."

Ya nuna wata yarinya da take tsalle tana kwaikwayon rawar babur. Na ce Allah ya raya ta.

A Kende ranar Adda ce. Dangin mijinta suka zo har da waɗanda ke ruga, surukarta da aka ce ba ta son wannan harka ta zauna a gaba, ta yi ta gyara wa matan riƙon sanda daga inda take. Muna can saƙo ya iso daga kawunnan Badenden, suna so mu tsallaka Benin mu nuna musu. Muka tafi a jerin babura, baho ɗaure a bayan ɗaya, Baba a bayan Badenden da ƙafarsa a miƙe. A shinge wani jami'i ya tambayi abin da za mu yi da baho da ƙwarya. Badenden ya sauka ya yi masa taku biyu na rawar babur, daidai wurin da ake tare mutane. Jami'in ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Can ban ji rabin abin da ake faɗi ba, Dendi da Faransanci suka fi yawa, amma kogin ɗaya ne, su ma ya taɓa su. Da aka fara buga ƙwarya, tsofaffin mata suka matso suna kallon namiji tsugune gaban baho, suna taɓa juna suna murmushi.

A hanyar dawowa mai kalangu ne ya goya ni. Da muka yi nisa, sai ya ɗan juyo da kai.

"Malam, baɗi ni ma ina da tawa. Ta masu gyaran injin ban-ruwa. Ka iya ja da baya kamar mai jan igiyar tada inji?"

Na ce zan koya. Ya ce to in zo gidansa ranar Asabar, in taho da igiya.